Na je kaskad ɗin Karfigela da gid: ruwan ya ci kuɗinsa, amma ku tambaya tukun kafin a kai ku wurin bammi

Assalamu alaikum jama'a. Tun da na dawo Yamai ƴan uwa da abokai suke ta kirana a talho suna tambayar hotunan nan nawa na kaskad ɗin Karfigela, wato wurin da ruwa ke zubowa daga kan dutse, wai ina ne nan, Nijar ne ko waje, nawa ka biya, hanya lafiya ko, har wani ƙanena daga Tawa ya rantse hoton intanet ne na ɗauko na sa fuskata. To na ga gara in zamna in rubuta komai sau ɗaya, mai kyau da marar kyau, wanda zai je ya je da saninsa.

Ba Nijar ba ne, Burkina ne, kusa da Banfora. Wurin aiki ne suka tura mu formasiyon na sati biyu Bobo Julaso, mu uku, ni da wata Hajiya da muke ofis ɗaya wadda ta girme ni sosai, da wani yaro matashi ɗan Gaya. Jirgi muka shiga daga Yamai zuwa Waga don kowa ya san halin da hanyar mota take ciki yanzu, daga Waga kuma muka hau kar, wato babbar bas, zuwa Bobo. Ƙarshen watan Satumba ne, damina na shirin ɗaukewa. Ranar Asabar babu aiki, sai muka ga takardar wani azans na yawon buɗe ido a teburin otel, tahiyar wuni guda da gid, wato ɗan jagora, da mota da abincin rana: kaskad ɗin Karfigela, duwatsun Fabedugu, tabkin Tengrela, sannan a ƙasa an rubuta da Faransanci wai za a ɗanɗana kayan gargajiyar yankin. Ku riƙe wannan layin na ƙarshe don a kansa maganata take. Kowa ya biya jika 25, aka ba mu resi. Sunan azans ɗin ba zan faɗa ba, ba tona asiri na zo yi ba.

An ce mana ƙarfe 6 da rabi mota za ta zo, ba ta zo ba sai 7 da kwata, kuma babu wanda ya kira ya ba da haƙuri sai mu muka yi ta kira. Wannan na farko kenan. Amma motar dai babu laifi, ƙaramar bas ce mai kilim, taya masu kyau, direban dattijo ne ba ya gudu. Mu tara ne ciki, mu uku ƴan Nijar, da wasu ƴan Kodibuwa su huɗu, da wani mutum da matarsa daga Waga. Gid ɗin saurayi ne ɗan yankin Banfora, yana jin Faransanci da Julanci, kuma da ya ji muna Hausa sai ya juyo ya ce "sannu da zuwa Alhaji, sannu Hajiya, ina kwana", ashe ya yi zama da Hausawa masu sayar da kaya a kasuwar Bobo ya tsinci gaisuwa da ƙirgen kuɗi. Hajiya tun daga nan ta ce wannan ɗana ne, shi kuma har yamma bai daina ce mata Mama ba.

Bobo zuwa Banfora kilomita 85 ne, gudro ne duka, hanyar da ta miƙe har iyakar Kodibuwa. An tsayar da mu wurin jami'an tsaro an duba takardu, don haka kar wanda ya bar katin shaidarsa ko fasfo a otel. Abin da ya fara kama ni shi ne lokacin da muka fara gangarowa daga kan tudu kafin Banfora, kawai sai ƙasa ta buɗe, kore shar har iyakar ganinka, gonar rake ce ta kamfanin sukari na SOSUCO da ke Beregadugu. Ni na san rake, na sha na Matamai, amma rake da za ka yi ta tahiya cikin mota minti da minti bai ƙare ba, wallahi ban taɓa gani ba. Gid ya ce ruwan da ake ban-ruwan gonar daga saman duwatsun nan ake jawo shi da manyan bututu, kuma daga baya mun gan su da idonmu kusa da Fabedugu. Yankin nan yana samun ruwan sama fiye da milimita 1000 a shekara, mu kuwa Tawa in mun samu 400 sai mu ce damina ta yi albarka, to kun ga bambancin daga nan ya faro.

Daga Banfora zuwa kaskad ɗin kamar kilomita 12 ne, amma ba gudro ba ne, jar ƙasa ce ta cikin gonar rake, kuma da yake damina ce akwai wuraren da ruwa ya kwanta, sau biyu muka sauka direba ya lallaɓa ya wuce. Wanda ke da ciwon baya ya zamna gaba.

Inda mota take tsayawa ba nan ne ruwan ba, sai an taka. Kuma wannan takawar ita kanta abin zuwa gani ce. Hanya ce tsakanin manya manyan itatuwan mangwaro tsofaffi, sun haɗe ta sama rana ba ta ratsowa, ƙasa da danshi, iska mai sanyi kamar wadda ke fitowa daga bakin randa. Tun kana nan kake jin ƙarar ruwan, da farko kamar hadari na tasowa daga nesa, kana matsowa tana ƙaruwa har sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Gid ya ce wannan ruwan shi ne gulbin Komowe, nan kusa ya faro, shi ne ke ratsa Kodibuwa tun daga arewa har ya faɗa teku wajen Gran Basam. Ƴan Kodibuwan nan da suka ji haka sai murna, ɗaya ya ce ashe ruwan garinsu ne ya zo gaishe shi tun yana jariri.

Sai hawa. Akwai matakala da aka gyara a jikin dutsen, wani wuri kuma dutsen ne kawai kake takawa, da santsi sosai saboda feshin ruwa. A nan na san gid ɗin nan ya san aikinsa. Bai bar Hajiya ba ko taki ɗaya, ya karɓi jakarta ya rataya, yana gaba yana nuna mata inda za ta sa ƙafa, in ta tsaya hutawa sai ya tsayar da kowa ya fara ba da labarin wani icce ko wani tsuntsu don kar ta ji kamar ita ce ke ɓata wa mutane lokaci. Na lura da wannan kuma ya burge ni ƙwarai, tarbiyya ce ba koyarwar azans ba.

Da muka kai sama, to, gani ya kori ji. Ba wai ruwa ne guda ɗaya mai faɗowa daga can ƙololuwa ba kamar yadda ake gani a talabijin, hawa hawa ne, dutsen ya yi faɗi kamar an shimfiɗa tabarmi an jera su bisa juna, ruwan ya sauko wannan ya taru ya yi ɗan tabki ya sake zubowa na gaba, fari fat kamar nono, sannan a ƙarshe ya tahi gaba ɗaya ya faɗa ƙasa. In ka juya baya kuma ga filin rake nan duka a ƙarƙashinka har inda ido ya gaji. Ni ɗan Adar ne, na tashi ina bin jaki zuwa rijiya da asuba, na san rijiyar da za ka zura guga igiya ta ƙare ba ka taɓa ruwa ba, na san yadda uwayenmu mata suke raba bokiti ɗaya ya yi girki ya yi wanki. Yanzu ina Yamai kullum ina ƙetare gadar Kennedy ina ganin gulbin Isa, amma Isa a kwance yake yana tahiyarsa a hankali. Wannan kuwa ruwa ne mai gudu mai ƙara, dare da rana yana zuba babu mai tara shi. Na zamna kan dutse na sa ƙafafuna ciki, sanyinsa ya hau har kaina, ban san lokacin da ƙwalla ta zo mini ba, babata na tuna, Allah ya jiƙanta, da ma ta ga wannan ko sau ɗaya. Hajiya ita kuma tasbihi kawai take yi.

Samarin sun shiga wanka. Gid ya nuna musu ƙananan tabkunan da babu haɗari ya kuma hana su matsawa bakin inda ruwan ke faɗawa, ya ce da damina ƙarfinsa ya fi yadda ido ke gani, kuma bai yi wasa da maganar ba, da ɗaya ya matsa don ɗaukar hoto sai da ya daka masa tsawa. Ya ce da rani ruwan yana raguwa sosai, an fi jin daɗin wanka amma ba a ganin ƙarfinsa kamar yanzu. Mun yi kamar awa ɗaya da rabi a nan kuma wallahi bai ishe ni ba.

Abu ɗaya da ya ɓata mini rai a wurin, leda da robar ruwa da mutane suke yarwa tsakanin duwatsu. Gid ɗin da ƴar jakarsa yake tahe yana tsincewa.

Fabedugu ba nisa, kamar kilomita 3. Duwatsu ne da ruwa da iska suka sassaƙa, kowane ya yi kamar rumbu ko tulin faifai da aka jera, ana hawa cikin sauƙi don jikinsu kamar matakala yake. Suna da kyau, amma rana ta riga ta take, mun yi hoto mun sauko. Abincin rana a wani resto cikin Banfora, dafa-duka da kazar gida da aloko, ya yi daɗi kuma ya ƙosar, ruwan sha mai sanyi yana cikin kuɗin. A nan matsala ta biyu ta fito, porogaram ɗin babu lokacin salla ko kaɗan, ana gama ci aka ce a hau mota. Ni na ce a'a sai mun yi azahar. Gid bai yi musu ba, shi ya nemo mana buta ya raka mu wani masallaci a bayan layin, amma direba ya yi ta duba agogo. Azans da ke aiki a garin da Musulmi suka cika bai kamata a ce sai baƙo ya roƙa ba, minti 15 ne fa.

To yanzu ga maganar ɗanɗanon kayan gargajiya. Ni a raina na ɗauka zuma ce ko mangwaro ko wani abinci nasu. Mota ta ratse cikin wani ƙauye, ko'ina giginya, muka sauka ƙarƙashin wata rumfa, ga benci ga mata zaune da manyan robobi da ƙore ƙanana, ga wani wari mai tsami tsami da ƙudan zuma na ta yawo. Yaron nan ɗan Gaya shi ya fara ganewa, ya matso kunnena ya ce "Yaya, bammi ne fa." Su can banji suke ce masa. Hajiya ta ja mayafinta ta koma bakin mota ba ta ce komai ba, amma na ga ranta ya ɓaci, kuma nawa ma ya ɓaci, ba don mutanen ƙauyen ba, su sana'arsu suke yi a garinsu kuma da fara'a suka tarbe mu. Haushina na azans ne da ya ɓoye sunan abin a takarda. In giya ce a rubuta giya, mai so ya je, wanda ba ya so ya san yadda zai yi tun daga otel. Sun ga sunayenmu lokacin da muka biya, sun ga Hajiya da hijabinta, babu wanda ya buɗe baki ya ce mana ga abin da ke ciki.

Gid ya zo yana ba da haƙuri, ya ce shi ya ɗauka an gaya mana. Ya ce akwai na safe wanda aka sauke yanzu, zaƙi ne kawai bai riga ya juya ba, ko za mu taɓa. Na ce masa ɗan'uwa na gode, ni ba malami ba ne, amma abin da kai da kanka ka ce cikin ƴan awoyi yake zama mai bugarwa, ni ban san a wane minti yake juyawa ba, kuma abin da ke da shakka barinsa ya fi mini kwanciyar rai. Bai sake tayi ba ko sau ɗaya, kuma bai bar wani ya matsa mana ba.

Abin da ya yi bayan nan shi ya sa nake rubuta wannan dogon bayani. Ya zaunar da sauran wurin matan, ya ce mana mu zo. Ya kai mu cikin giginyun ya kira wani dattijo mai aikin ya nuna mana yadda ake yi, yadda ake yanka wurin zuciyar iccen ta sama a sa ɗan bututu a rataya gora ko kwalba ruwan na ɗiga a hankali, a zo a sauke a sake gyara yankan, kullum haka safe da yamma, kuma in mutum ya yi ganganci ya zurfafa wuƙa iccen mutuwa yake yi. Wannan kam ilimi ne ko ba ka sha. Sai hira ta ɓarke tsakanin dattijon da yaronmu ɗan Gaya, gid na fassara, don su ma Gaya ƙasar giginya ce, yaron yana ba shi labarin muruci da yadda ake binne ƙwallon ya tsiro a tono a dafa a kai kasuwa, da azarar giginya da ake rufin ɗaki da ita wadda gara ba ta ci da wuri. Icce ɗaya, kowa da abin da ya ɗauka a jikinsa. Mu muna cewa inuwar giginya na nesa ka sha, da aka fassara wa dattijon ya yi dariya ya ce su ba sa jiran inuwar, hawa suke yi.

Kafin mu dawo rumfa gid ya aiki wani yaro da moto, sai ga shi da rake an feƙe an yayyanka, da busasshen mangwaro irin wanda ake yi a yankin, da kashu soyayye, da bisap mai sanyi da ruwan citta irin lemu-harin da muke sha Yamai. Daga aljihunsa ya biya, na gani da idona, da na ce zan mayar masa ya ƙi sai da Hajiya ta sa baki. Aka shimfiɗa mana tabarma nesa da rumfar, matan ƙauyen suka kawo kwanduna da faifai da suke saƙawa da ganyen giginya, aiki mai kyau ƙwarai, Hajiya ta saya har biyar.

Don adalci ga wanda ba Musulmi ba ko wanda abin bai dame shi ba, ƴan Kodibuwan sun ji daɗin wurin sosai, sun ce an ba su kala uku, na safe mai zaƙi, na rana mai ɗan tsami, da wanda ya kwana mai ƙarfi, kuma sun ce na giginya ya bambanta da na kwakwar manja da suka saba da shi can gida. Babu wanda ya yi maye ko rashin kunya a mota. Iyakar abin da zan iya faɗa kenan a kai tunda ban kai bakina ba.

Tengrela kuwa an cuce ta. Saboda lattin safe da daɗewar da aka yi wurin bammi, a gurguje muka je, aka ce kuɗin kwalekwale ba ya cikin jika 25 ɗin sai kowa ya ƙara, alhali takarda ba ta faɗi haka ba. Rigunan ruwa ba su kai yawanmu ba, don haka ni da Hajiya muka tsaya bakin tabki muka yi la'asar. Waɗanda suka shiga sun ce kunnuwan dorina biyu suka hango daga nesa. Masu kwalekwalen sun ce da sassafe ake ganinsu da kyau. Mu da muke da dorina a Isa wajen Ayoru ba abin da ya rage mu, da an bar ni da na zaɓi a ƙara mini wannan awar a kaskad.

A hanyar dawowa na zamna kusa da gid muna hira, ya ce da can Turawa ne suke cika motar nan, yanzu saboda matsalar tsaro sun ɗauke ƙafa, ƴan ƙasa da maƙwabta irinmu ne suke riƙe da su, wani satin ma ba ya samun fita ko sau ɗaya. Na ce masa to ai shi ya sa ya kamata masu azans su gyara takardarsu, baƙin yanzu ba irin na da ba ne, da yawanmu masu salla ne kuma da iyali muke so mu zo. Ya ce zai faɗa musu, ni ma da muka iso na shiga ofishinsu na faɗa da bakina, matar da ke wurin ta rubuta ta ce za a duba. Sai na tuna mu ma muna da kaskad a Timiya cikin duwatsun Ayar, ga lambunan lemu da rumman, ban taɓa zuwa ba, Allah ya kawo zaman lafiya mu je mu ga namu.

In za ku je, ga abin da zan ce. Ku tambayi labarin hanya a Bobo a ranar, kar ku dogara da maganata don yanayi yana canzawa. Ku sa a rubuta muku a resi abin da kuɗin ya ƙunsa har da kwalekwale, ku tambaya ƙarara mene ne za a ɗanɗana, in bammi ne kuma ba ku so ku ce a musanya muku da rake da mangwaro tun kafin ku biya, ku kuma faɗi maganar salla. Takalmi mai kama ƙasa, ba silifas ba, da kayan canji ko ba za ku yi wanka ba don feshin kaɗai yana jiƙa mutum, da leda ta sa talho. Rezo yana ɗaukewa a wasu wurare. Ku riƙe ƴan canji na ihsani ga gid da direba.

A cikin 10, kaskad ɗin na ba shi 10, gid 10, azans 5. Mun iso otel bayan magariba, Hajiya ta kira gid gefe ta damƙa masa wani abu a hannu ta yi masa addu'a mai tsawo, shi kuma ya durƙusa yana cewa amin Mama, amin Mama.